Bronwyn da Lissafin Aji Shida

Warrabinda,
6 ga Maris, 1994

Yaya Merle,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ƙafar taki da iskar tekun da kika gudu kika bar mu saboda ita. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ƙuda. Uwargida Lorraine tana gaishe ki, ta ce kin daɗe ba ki leƙo mu ba.

Kin san ni da biro ba ma ga maciji, to ki tabbata magana ce ta zaunar da ni. A kan 'yar taki ce, Bronwyn. Ranar Talata shugaban makarantarsu, Malam Pellow, ya tare ni a bakin ƙofa. Ba ki san shi ba, bara aka turo mana shi daga Sydney, dogon mutum mai gajeren wando da safa har gwiwa, ga fara'a kamar mai neman ƙuri'a. Ya ce, "Des, ka san abin da ke gidanka kuwa?" Na ce na sani mana, mace ɗaya, yarinya ɗaya, karnuka uku. Ya yi dariya ya ce yarinyar yake nufi. Wai malamar aji huɗu ce ta kawo masa ƙararta, tana gama lissafin mako guda tun ranar Litinin da safe, sauran kwanakin sai ta zauna tana zana dawakai a gefen littafi. Ya ba ta jarrabawar aji biyar ta cinye. Ya ba ta ta aji shida ta faɗi tambaya biyu kacal, ɗayar ma daga baya aka gano takardar amsoshin ce ta yi kuskure.

Ga abin da yake so. Ta ci gaba da zama a aji huɗu tare da sa'o'inta a kowane darasi, amma kullum in lokacin lissafi ya yi ta ɗauki littafinta ta tsallaka baranda zuwa ɗakin manya, wurinsa, ta yi da 'yan aji shida. Lissafi kaɗai, in an gama ta koma ajinsu.

Ni dai na san tun tana shekara shida take tsayawa bayana a rumfar askin tumaki tana ƙirgawa, in na ce na aske ɗari da arba'in ta ce a'a Baba, da talatin da takwas ne, kuma in an duba ita ke da gaskiya. Ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba. A gidanmu ke ce mai boko, ni tun ina shekara goma sha biyar na ajiye. Shekara talatin kika yi kina koyarwa, ki faɗa mini, wannan abu ana yinsa? Ba zai dagula yarinyar ba? Shekararta tara, waɗancan kuwa wasu sun kai goma sha biyu, ɗan maƙwabcinmu Tuckwell har ya fara gashin baki.

Ki amsa da wuri, na ce masa sai na ji daga gare ki.

Ƙaninki,
Des

Newcastle,
14 ga Maris, 1994

Ƙanena Desmond,

Na sami wasiƙarka, na kuma yi murna da jin kuna lafiya. Ƙafa da sauƙi, na gode. Ka gaishe mini da Lorraine da kyau.

Amsar tambayarka ita ce ana yi, kuma in an yi shi daidai alheri ne. Yaron da ya riga ya iya abu, a tilasta masa zama yana maimaita shi shekara biyu, lalaci kawai zai koya. Na ga irinsu da yawa, wasu sun zama masu tsokana, wasu sun zama masu barci. Ka amince.

Amma ka buɗe kunnenka, don na san halinka, rabin magana kake ji ka tashi. Kafin Bronwyn ta taka wannan barandar, ka sa mutumin ya rubuta komai a takarda mai hatimin makaranta, ya sa hannu, kai ma ka sa. Ya rubuta jarrabawar da ta yi da makin da ta samu, ya rubuta cewa lissafin aji shida take yi bana. Wanda ya fi duka, ya rubuta abin da za ta yi baɗi. Ka yi tunani mana. In ta gama na aji shida a Disamba, ta shiga aji biyar a Fabrairu, me za a koya mata? Makarantarku ba ta da abin da ya wuce aji shida, sakandare kuwa tafiyar awa biyu ce. Hanya ɗaya ce, a yi mata rajistar lissafin ajin farko na sakandare a makarantar koyo daga nesa da ke Dubbo, su riƙa aiko mata da darasi ta gidan waya. Wannan kuwa sai shugaban makaranta ya cike takardu da hannunsa.

Ba na zargin Malam Pellow da komai, ban san shi ba. Aikin na sani. Malamin birni da aka tura daji, kowace shekarar da ya yi ana rubuta masa maki, in makin ya taru sai a ba shi makaranta a bakin teku. Shekara biyu suke yi, uku in an daɗe. Kai kana ganin mutum mai fara'a, ni kuwa ina ganin wanda bai gama kwance akwatinsa ba. Ranar da ya tafi, wanda ya zo bayansa abin da ya tarar a fayil da shi zai yi aiki.

Ka shafa mini kan Bronwyn, ka ce Gwaggonta tana alfahari da ita.

Yayarka,
Merle

Warrabinda,
2 ga Mayu, 1994

Babbar Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Muna aski a gonar Tuckwell, tumaki dubu shida, bayana kamar ba nawa ba.

Bron ta fara tun kafin bikin Ista. Maganar takarda kuwa, bari in faɗa miki gaskiya ki yi faɗanki ki gama, ban karɓa ba. Na je da niyyar, wasiƙarki ma tana aljihuna. Ranar gashin nama ce ta makaranta, ni da shi aka sa a kan wuta, yana juya nama ina yanka burodi. Na kawo zancen baɗi. Kafin in rufe baki ya ce, "Dubbo ko? Ai na riga ka, abokina. Bar mini wannan, ni zan cike komai." Ya goge hannunsa a riga ya miƙo mini, a gaban Tuckwell da rabin garin. To Yaya, mutum ya ba ka hannu a gaban jama'a, sai ka ce masa ɗauko biro? Nan aka haife ki, kin san ma'anar wannan, ka kira shi maƙaryaci ke nan a tsakiyar fili. Shekara ashirin ina karɓar aikin aski ban taɓa sa hannu a takarda da kowa ba. Babanmu ma har ya koma ga Allah da musafaha yake sayar da ragunansa, kuma ba a taɓa cutarsa ba.

Maganarki ta akwati kuma ta ba ni dariya. Wa ya kai ki sanin akwati? Ba ke ce aka tura wani ƙauye bayan Bourke kika yi shekara biyu cif, ranar da ta cika ko labule ba ki tsaya cirewa ba? Ba kowa ne ke ba, Yaya. Mutumin nan ya shiga ƙungiyarmu ta kashe gobara, yana buga ƙwallon kurket da mu ranar Asabar, matarsa har itacen lemo ta dasa a bayan gidan makaranta. Ni ban ga alamar tafiya a tare da su ba.

Yarinyar kuwa sai kin gan ta. Da can sai an yi da gaske take tashi da safe, yanzu ita ke tashinmu. Jiya ta tsare ni a teburin abinci wai sai na koyi yadda ake gano tsawon injin iska mai jawo ruwa a rijiyarmu daga inuwarsa. Na ce mata in ina son sani zan hau in auna. Ta fita da sanda da igiya, ta dawo ta ce mita tara da rabi. Na hau, haka yake. Manyan suna ce mata Farfesa, ko a jikinta. Ana gama lissafi take rugawa wurin ƙawarta Kirrily su ci gaba da shirmensu.

Ki kwantar da hankalinki, ki kula da ƙafar nan.

Ƙaninki,
Des

Newcastle,
20 ga Oktoba, 1994

Desmond,

Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali. Ba doguwar magana ba ce. Shekara ta kusa ƙarewa. Ka je ka tambayi mutumin naka ko ya aika da takardun Dubbo, kuma kada ka karɓi "an aika" da baki, ka ce ya nuna maka kwafi. In kunya ce take damunka, ka ce masa tsohuwar yayarka ce mai fitina ta matsa maka.

Merle

Warrabinda,
18 ga Disamba, 1994

Yaya,

Barka da Kirsimeti tun kafin ta zo. Na tambaye shi a filin kurket, ya ce komai yana kan hanya. Ban ce ya nuna mini kwafi ba, yana ɗaure da kayan wasa har gwiwa, a ina zai samo? Shekaranjiya aka rufe makaranta, Bron ce ta karɓi kyautar lissafi ta makarantar gaba ɗaya, a gaban 'yan aji shida. Lorraine ta yi kuka, ni kuma ƙura ce ta shigar mini ido. Gobe za mu tafi wurin iyayen Lorraine sai bayan sabuwar shekara.

Des

Warrabinda,
12 ga Fabrairu, 1995

Yaya Merle,

Ina gaisuwa. Ba zan tsaya dogon gaishe-gaishe ba, raina a ɓace yake. Ki karanta, in kin gama ki ce ai kin faɗa mini, na yarda, ni na jawo.

Pellow ya tafi. Muna can wurin surukai motar kaya ta zo ta kwashe shi, ko sallama babu. Ranar da mutumin nan ya tsaya gaban iyaye yana miƙa wa Bron kyauta yana cewa sai mun haɗu baɗi, ashe takardar canjin wurin aikinsa tana aljihunsa tun Nuwamba. An ce wata makaranta aka ba shi a wajenku, bakin teku.

An kawo wata, Malama Ashdown, matashiya ce, wannan ne shugabancinta na farko, ita ke riƙe da aji biyar da shida. Makon farko Bron ta dawo gida ta yar da jaka ta shige ɗaki. Lorraine ta buɗe jakar ta ga littafin aji biyar, shafin farko, tara lambobi masu gida huɗu. Yarinyar da bara take auna kusurwa tana fitar da kashi cikin ɗari! Washegari na bar aiki na je.

Na ce, "Malama, ina saƙon Dubbo?"

Ta ce, "Wane Dubbo?"

Na yi mata bayani tun daga farko. Ta jawo durowa ta ciro fayil ɗin Bron ta juyo mini shi. Yaya, wayam. Takardar allurar rigakafi, takardar izinin zuwa iyo, sai sakamakon ƙarshen shekara na aji huɗu, a gaban lissafi an rubuta "Da kyau ƙwarai." Abin da aka rubuta wa yara biyar ke nan a ajin. Ba zancen jarrabawa, ba zancen aji shida. Ta buga wa Dubbo waya a gabana, ba su taɓa jin sunan yarinyar ba. Malamar aji huɗun da ta san asalin maganar ita ma makinta ya cika ta yi gaba.

Na ce to a duba littattafanta na bara, guda huɗu ta cika. Aka kira Bron, ta ce Malam Pellow ya karɓe su a makon ƙarshe wai zai duba. Aka birkice ofis da sito, babu su babu dalilinsu.

Na ce, "Garin nan kaf ya san yarinyar nan ta yi lissafin aji shida. Ki tambayi Tuckwell, a gabansa mutumin ya ba ni hannu."

Ta ce, "Mista Harrigan, ni ba zan iya aika wa Dubbo musafaha ba." Sannan ta yi murmushin nan naku na malamai, ta ce kowane uba gani yake nasa ya fi na kowa, mako biyu da zuwanta ni ne na uku da ya zo da irin wannan magana. Da ƙasa ta tsage da na shige. Ni da ban taɓa roƙon kowa komai ba, yau an sa ni layi ɗaya da matar mai kantin magani, wadda tun ɗanta yana cin ƙasa take cewa likita zai zama.

Ga wanda ya fi ƙona mini rai. Da ta ga Bron tana gama aikinta cikin minti biyar, sai ta ba ta jan biro, wai ta riƙa zagayawa tana duba na sauran don kada zama ya gundure ta. Yanzu 'yata ce ke bi tebur-tebur tana sa wa 'yan ajinsu alamar kuskure da ja. Ranar Alhamis ta sa wa Kirrily guda bakwai. Ranar Juma'a Kirrily ta canza kujera a motar makaranta. Bara Farfesa ake ce mata da wasa, bana 'yar sanda suke ce mata, kuma ba wasa a ciki. Abincin da Lorraine take ɗaure mata yadda ya tafi haka yake dawowa.

Tir da wannan aiki naku, Yaya. Ni in na aske tunkiya rabi na kashe inji na yi tafiyata, ba wanda zai sake ɗaukata aiki a jihar nan. Shi kuwa ƙarin girma aka yi masa. Ki nemo mini inda yake.

Ƙaninki,
Des

Newcastle,
9 ga Maris, 1995

Ƙanena,

Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Ba zan ce na faɗa maka ba. Na yi niyya, har na rubuta, na yaga.

Na same shi, ba tare da na wahala ba ma. Wata tsohuwar abokiyar aikina ce ta kawo mini takardar gayyata zuwa taron malaman yankinmu na wata-wata. Mai jawabi sabon shugaban wata makaranta ne a nan kusa, Gavin Pellow, zai yi magana a kan yadda ake gano yara masu baiwa a karkara. Na sa takalmin da ba ya matse mini ƙafa na tafi, na zauna a layi na biyu.

Des, littattafan Bronwyn suna hannunsa. Ya ɗauki hoton shafukan yana haska su a bango. Ga rubutun yarinyar nan ɓaro-ɓaro, har da dokin da ta zana a gefe, aka yi ta dariya. Ya rufe sunanta da 'yar takarda. Wai ya tsinto ta ne a garin da ba kowa sai tumaki da ƙuda, 'yar wani mai aski, mutumin kirki in ji shi, amma ko rasit da ƙyar yake karantawa. Wai da farko uban ƙi ya yi, sai da ya sha lallashi. Wata malama ta ɗaga hannu ta ce to yanzu ina yarinyar take? Ko ƙifta ido bai yi ba ya ce, "Na bar ta a kan kyakkyawar hanya." Aka tafa masa. Abokiyar tawa ta raɗa mini cewa da waɗannan littattafan ya shiga ganawar neman aikin, kuma su suka ba shi kujerar.

Na bari aka fita shan shayi. Yana riƙe da kek na tsaya a gabansa.

Na ce, "Malam, jawabi ya yi armashi. Ni ce yayar mai askin."

Kek ɗin ya tsaya a hanya. Ya ce, "A'a, Des! Yaya yake? Ya Bron tamu?"

Na ce, "Bron taku tana can tana tara lambobi masu gida huɗu. Ina takardun Dubbo?"

Ya fara inda-inda. Wai ƙarshen shekara ayyuka sun yi masa yawa, wai ya ɗauka wadda za ta gaje shi za ta gani da idonta, ai irin Bron ba ta ɓuya. Na ce masa ya zaɓa, ko ya ba ni littattafan yanzu ya kuma rubuta wa Malama Ashdown wasiƙa a kan wannan teburin, ko in koma ciki in amsa wa matar nan tambayarta da kaina. Ya ciro littattafan daga jakarsa ya ba ni, ya kuma rubuta, a tsaye, tsakanin kofunan shayi. Da zan tafi har da miƙo mini hannu. Na dubi hannun na wuce.

Jiya na aika da komai kai tsaye zuwa makaranta. Na kuma yi waya Dubbo, suna karɓar ɗalibi har ƙarshen zangon farko in shugabar ta tabbatar. Wataƙila ta ce sai ta gwada yarinyar da kanta. Haƙƙinta ne, kada ka yi mata hayaniya.

Akwai abin da ka faɗa bara wanda ya sa na yi wata biyar ban rubuto maka ba. Gaskiya ka faɗa. A ƙauyen nan na bayan Bourke akwai wata yarinya, Dulcie, na fara koya mata abin da ya wuce ajinta. Ranar da takardar canjin wurin aikina ta zo ban bar wa kowa ko layi ɗaya a kanta ba, ban ma tuna da ita ba sai da nake cikin jirgin ƙasa. Ina zaune a taron nan ina jin ƙyamar mutumin, rabin ƙyamar kuwa tawa ce. Ban san abin da ya zama da Dulcie ba har yau.

Ka gaishe da Lorraine, ka sanar da ni yadda aka yi.

Yayarka,
Merle

Warrabinda,
2 ga Afrilu, 1995

Yaya,

Ina gaisuwa, na kuma gode da wahalar da kika sha. Da na san inda abin zai ƙare da ban sa ki ba.

Saƙonki ya iso. Malama Ashdown ta kira ni, wannan karon har da ba ni kujera. Ta ce ta ga littattafan ta ga wasiƙar, amma sai ta gwada da kanta. Ban yi hayaniya ba, kamar yadda kika ce. Ta kira Bron ta yi mata bayani a gabana. In ta ci, kowace safiya lokacin lissafi za ta fita daga aji ta zauna a ɗakin ajiyar ƙwallaye, don shi kaɗai ne wurin da ba surutu, ta buɗe ambulan ɗin Dubbo ta yi aikinta. Bron ta ce, "Ni kaɗai?" Ta ce ke kaɗai, bana da baɗi. Bron ta ce to.

Ranar Laraba aka yi. Tambaya ashirin da biyar, duk na aji shida. Ta ci goma sha ɗaya.

Goma sha ɗaya, Yaya. Matar ta shimfiɗa mini takardar a tebur tana mini magana a hankali kamar mai gaisuwar mutuwa, da zagina ta yi ya fi mini sauƙi. Ta ce kurakuran irin na kowane ɗan aji biyar ne, ba abin damuwa ba ne, yarinya ce mai ƙoƙari daidai ajinta. Ta ce wataƙila bara an riƙa tsaya mata a kai ana nuna mata hanya. Kin gane abin da take nufi, ni ma na gane. Mutumin da ya iya tsayawa gaban malamai ya ce ban iya karanta rasit ba, me zai hana shi riƙe hannun yarinya ta cika littafi huɗu don ya sami abin nunawa? Kiwon ragon gasa ya yi mata, a wanke, a taje, a ɗauki hoto, a karɓi kyauta. Ni kuma na yi shekara guda ina yawo a gari ina buga ƙirji. Yanzu ko mashaya ba na son shiga. Shekaranjiya Tuckwell ya ce mini ya Farfesa, na rasa inda zan sa fuskata.

A mota na tambaye ta me ya faru. Ta ce, "Sun yi wuya, Baba." Na ce da ma can ba ki iya ba ne? Ta juya tana kallon taga. Na faɗi abin da bai kamata ba, na ce ta mai da ni abin dariya a gari. Lorraine ba ta yi mini magana tun ranar, ni ma in na tuna haushin kaina nake ji.

An rufe zancen Dubbo. An karɓe jan biron ma, tunda mai goma sha ɗaya ba ta da abin da za ta duba wa wani. Ita kuwa kamar ba a yi komai ba, jiya a gidan su Kirrily ta yini. Ni ne dai abin ya tsaya wa a wuya. Don Allah kada ki sake kawo mini zancen baiwa, na ƙoshi. Gidanmu gidan masu aski ne, ke kaɗai kika fita daban.

Ki huta lafiya.

Des

Warrabinda,
9 ga Afrilu, 1995

Gwaggo Merle,

Ina gaishe ki, ya ƙafarki? Mama ta ce in rubuto in yi miki godiya saboda kin karɓo littattafaina. Na gode. Ba za ta karanta wannan ba, na ce mata ni zan liƙe ambulan ɗin.

Gwaggo, zan gaya miki wani abu, amma kada ki gaya wa Baba. Na san amsar duka ashirin da biyar ɗin. Na fara yin su a kaina, sannan na zaɓi goma sha huɗu na ɓata. Ɓatawar ta fi wuya, don in na rubuta shirme Malama za ta gane. Sai na riƙa tuna irin kuskuren da nake gani lokacin da nake riƙe da jan biro, na yi irinsu. Akwai ta tanki mai famfo biyu, ɗaya yana cika shi a awa shida, ɗaya a awa uku, in an buɗe su tare awa nawa. Awa biyu ne. Na rubuta tara, don abin da Kirrily za ta rubuta ke nan.

Ba na son ɗakin ƙwallaye. Ba shi da taga kuma yana warin roba. Yanzu Kirrily ta dawo kujerarmu, ba wanda yake ce mini 'yar sanda. Na san Baba yana jin haushina, ba ya kallona in muna cin abinci. Amma shi ba ya shiga motar makaranta.

A aji ina yi a hankali in gama tare da kowa, wani lokaci in bar guda ɗaya ba daidai ba.

Ta tankin ta yi mini daɗi sosai. In kina da irinta ki aiko mini, ko guda uku ne. Ki naɗe su a cikin katin ranar haihuwata, ba mai buɗe shi sai ni. Zan yi su a kaina, ba zan rubuta a ko'ina ba.

'Yarki,
Bronwyn